Sarƙar Egoli: yadda muka shirya wasan mahaƙan zinariya

A wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa na sayi sarƙar, a Jos, wata Asabar da hantsi cikin daminar 2013. Na ce da mai kayan ina son mai tsawon kamu uku, wadda ba ta cika kauri ba. Ya tambaye ni, "Malam, janareta za a ɗaure ko ƙofar shago?" Na ce masa wuyan mutum biyu za ta shiga, a wasan kwaikwayo. Ya ɗaga ta ya jijjiga, ya ajiye, ya shiga ciki ya ɗauko wata da ta fi ta sauƙi. Ya ce, "Waccan za ta yanka su." Wadda ya zaɓa mini ɗin ma sai da ta yanka.

Ni malami ne, kuma ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu. Abin da ya kai ni kasuwar ƙarafa hoto ne guda ɗaya da wani abokin aikina ya nuna mini a cikin wani littafi kan wasannin Afirka ta Kudu: maza biyu baƙaƙen fata a kan dandamali, sarƙa ɗaya ta haɗa wuyansu. Ya ce sunan wasan Egoli. Na kwana ina ganin hoton nan. Washegari na roƙe shi ya ara mini littafin, daga nan na shiga bin diddigin wasan, wata biyu cur kafin in tara ɗalibai.

Egoli da harshen Zulu na nufin wurin zinariya, kuma shi ne sunan da baƙaƙen fata ke kiran birnin Johannesburg da shi. A 1886 aka gano zinariya a tsaunukan Witwatersrand, birnin ya tashi a kan ramukan. Wanda ya shirya wasan shi ne Matsemela Manaka, an haife shi a unguwar Alexandra a 1956, ya tashi a Soweto. Yana gab da cika shekara 20 aka yi boren ɗaliban Soweto na ranar 16 ga Yuni, 1976, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa yara 'yan makaranta wuta. A watan Satumba na 1977 Steve Biko, jagoran farkar da baƙar fata, ya mutu a hannun 'yan sanda, wata ɗaya bayan haka gwamnati ta haramta ƙungiyoyin farkar da baƙar fata, ta rufe wasu jaridun baƙar fata. Bakin siyasa ya rufu. Abin da ya rage wa matasa shi ne zauren coci da ɗakin taro na unguwa, inda mutum biyu ko uku za su tsaya su yi wasa ba labule ba kayan ado, in 'yan sanda sun doso a tattara a watse. A wannan hali Egoli ya fito, a 1979, daga ƙungiyar Soyikwa, wadda aka raɗa wa suna don girmama marubucin Najeriya Wole Soyinka. Da na karanta wannan sai na ji wasan ya matso kusa da ni.

'Yan wasa biyu ne kawai, John Ledwaba da Hamilton Silwane, kuma da sunayensu na gaskiya suke fitowa. Ba zama Manaka ya yi a tebur ya rubuta ya miƙa musu ba. Tare suka gina shi, ana gwadawa ana gyarawa. Daga unguwannin baƙar fata wasan ya kai gidan wasa na Market a Johannesburg, wanda aka buɗe a 1976 a cikin tsohuwar kasuwar kayan marmari, ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da baƙi da fari ke iya zama jere da juna su yi kallo. A 1980 ya ƙetare zuwa Jamus ta Yamma. Da aka buga shi a matsayin littafi, hukuma ta haramta littafin. A shekarar da Egoli ya fito Maishe Maponya ma ya fitar da nasa wasan kan mahaƙa da 'yan ci-rani, The Hungry Earth, wato ƙasa mai yunwa. Matasa biyu daga gari ɗaya, a shekara ɗaya, duk suka dubi rami. Ba na jin haɗuwa ce kawai. Wanda yake son ya nuna abin da mulkin wariyar launin fata yake ci, dole ya sauka inda ake tono kuɗin.

Tun farko na yanke shawarar ba za mu fassara Egoli ba. Ba mu da izinin masu shi, kuma Turancinsa a cakuɗe yake da harsunan can da waƙoƙinsu, waɗanda in aka juye su Hausa kai tsaye za su mutu a hanya. Muka ce za mu bi hanyar da suka bi: mutum biyu, sarƙa ɗaya, fili fayau, mu gina namu da bakinmu, kafin a fara kuma wani ɗalibi ya tsaya ya ba da tarihin Manaka da wasansa, don kowa ya san daga inda muka ɗebo wutar.

Ɗalibai goma sha ɗaya suka zo ranar farko. Mako biyun farko ba mu taɓa wasa ba, karatu muka yi, kuma sun ƙosa. Amma na ga ba yadda za a yi yaro ya tsaya a matsayin mahaƙi bai san abin da ya raba mutumin da gidansa ba. Na zana musu taswira a allo. Dokar filaye ta 1913 ta bar wa baƙaƙen fata, waɗanda su ne mafi rinjaye, kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar; a 1936 aka ƙara zuwa kusan kashi 13. Ga haraji, wanda sai da tsabar kuɗi ake biya. Mutum ba gona isasshiya, ga mai karɓar haraji a ƙofa, sai ya dangwala yatsa a takardar kwangila. Kamfanonin haƙar suna da hukumar ɗibar leburori da mutane ke kira Wenela, mai ofisoshi har Mozambik da Malawi, ga kuma dubbai da ke zuwa daga Lesotho. A kai mutum bariki na maza zalla, gadajen siminti hawa-hawa, ba mata ba 'ya'ya, wata tara ko shekara ko fiye. Takardar fasi tana aljihunsa kullum, in ba ta sai gidan yari. Doka tun ta 1911 ta keɓe wa farar fata ayyukan ƙwarewa, kamar harhaɗa nakiya, komai daɗewar baƙi a rami. Zuwa 1969 albashin Bature mahaƙi ya ninka na baƙi kusan sau 20, kuma in aka auna da tsadar kaya, abin da baƙin ke samu bai wuce na kakansa na 1911 ba.

A nan ne gardamar da ta fi kowace zafi ta tashi, kuma ita ce ta kusa sauya wasan baki ɗaya. Wata ɗaliba mai kaifin kai ta ce, "Malam, me ya kai mu Afirka ta Kudu? Ga kududdufan kuza nan a Bukuru da Barikin Ladi, yara na nutsewa a ciki. Ga Zamfara, gubar dalma ta kashe yara ɗaruruwa a 2010 saboda haƙar zinariya. Mu mai da shi gida mana." Wani ya kawo mahaƙan kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley ta Inugu a 1949. Kusan duk ɗakin ya goyi bayansu.

Maganar ta taɓa ni a inda ba su sani ba. Kakana yana cikin waɗanda aka kwasa a diban gwamna, tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzar da take samu a can, aka tilasta wa sarakuna su tara talakawa daga lardunan Arewa a turo su kan tsaunin Filato. Da riga ɗaya ya zo, sanyin Jos bai san shi ba. Ya dawo gida da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Ina da labarin da zan iya ɗorawa a dandamali gobe in na so.

Kwana uku ina juya abin a raina, sannan na ce musu a'a. Dalilina shi ne, abin da Manaka ya nuna ba wahalar rami kaɗai ba ce, wadda ko'ina akwai ta. Ya nuna ƙasar da doka ta rubuta baƙi ƙirin cewa launin fatarka shi zai yanke inda za ka kwana, da aikin da hannunka zai taɓa, da ko matarka za ta iya zuwa ta gan ka. In muka ɗauke wannan muka sa Anka ta Zamfara ko Bukuru a gurbinsa, mun share abin da mutanen suka yi kasadar ɗauri don su faɗa, mun ari sarƙarsu mun manta da wuyansu. Labarin kakana yana da hakkin a yi masa wasansa daban. Na ce musu, "Ku bar shi a can. In akwai kama, masu kallo ba makafi ba ne." Ɗalibai uku suka daina zuwa. Ɗalibar da ta ta da maganar ta zauna, ita ce ma daga baya ta karanta gabatarwar.

Sai zaɓen 'yan wasa. Na gwada su bibbiyu, ina ɗaure su da igiya a kugu in ce su tsallaka ɗakin ba magana. Waɗanda suka dace su ne wani dogo mai sanyin murya da wani gajere mai ƙirar ƙarfi. Ɗaya Musulmi ne Bahaushe, ɗaya Kirista ɗan Birom. Ba da niyya na haɗa su ba, amma a Jos ta waccan shekara, inda unguwanni suka rabu kowa ya san iyakarsa, na san masu kallo za su ga abin. Kuma ya zo daidai da tarihin, domin masu ramukan can ƙabila-ƙabila suke raba ɗakunan bariki, Basotho nan, Xhosa can, Shangaan can, a naɗa wa kowane rukuni ɗan sandan cikin gida, don kada kai ya haɗu.

Matsalar harshe ta ci mana mako guda. A ramukan Afirka ta Kudu akwai wani guntun harshe da ake kira Fanakalo, galibinsa Zulu ne da aka datse, aka zuba masa Turanci da Afirkans. Harshen umarni ne: ɗauko, kawo, haƙa, yi sauri. Da wace Hausa Bature mai duba aiki zai yi magana a wasanmu? Mun gwada Hausar Turawan mishan, mutane suka yi dariya, ni kuwa ba dariya nake nema ba. Gajeren ne ya warware mana. Ya ce kakarsa tana kwaikwayon yadda helma, wato shugaban leburori, ke magana a filin kuza, Hausar bariki, wadda ba ta bambance mace da namiji, ba ta da gaisuwa, ba ta da don Allah. Muka ɗauke ta. Duk lokacin da ɗayansu ya juya ya zama Baturen rami, sai ya koma Barikanci busasshe. In suka koma ɗakinsu su biyu, sai cikakkiyar Hausa ta dawo, da karin magana da zolaya da kiran sunan uwa. Ba mu ƙara hula ko gemu don nuna wa ya zama wa ba. Kunne ya wadatar.

Aikin jiki shi ya fi komai wuya. Na karanta cewa wasu ramukan zinariyar sun zarce kilomita 3 a ƙarƙashin ƙasa, dutsen da kansa zafi yake, kuma inda ake sarar zinariyar rufinsa bai fi mita ɗaya ba. Mutum a tsugune ko a kwance yake yini yana riƙe da injin huda dutse. Muka jera teburan aji shida, muka rufe gefensu da barguna, na ce su shiga da diga da shebur su yi minti goma. Minti huɗu dogon ya fito yana haki, gwiwoyinsa sun sassale. Muka riƙa ƙarawa kullum har suka kai minti goma sha biyar. Ranar wasa ba tebur ko ɗaya a dandamali, amma bayansu ya riga ya koyi inda rufin yake, ba wanda ya ɗaga kai ya wuce shi. Haka muka yi da gwajin zafi da ake yi wa sababbin leburori, inda ake tara su tsirara a ɗaki mai turiri suna hawa da sauka kan dakali na sa'o'i don a ga wanda zai jure. Bulo ɗaya muka ajiye, suna hawa suna sauka, ba kiɗa, ba magana, sai numfashi. Na so in gajarta wurin, yaran suka ce a bar shi ya yi tsawo har mai kallo ya gaji a kujerarsa. Gaskiyarsu ce.

Hular kwano biyu muka aro wurin masu gini, muka ɗaure musu tocila da robar taya. Takalman ruwa dogaye muka saya na gwanjo, saboda rawar da mahaƙan can suka ƙirƙira ta dukan takalmi da tafin hannu. Ba mu yi ƙoƙarin kwaikwayon rawar sosai ba, ba tamu ba ce kuma ba mu da mai koya mana. Bugu uku kawai muka ɗauka, ya zama yadda suke kiran juna a cikin duhu.

Ranar da muka fara sa sarƙar, maƙeri ya riga ya yi mana ƙawanya biyu masu ƙugiya. Minti ashirin da farawa gajeren ya juya da sauri, dogon bai shirya ba, ƙarfen ya daki ƙashin wuyansa ya tsaga fata. Jini ya ɓata masa singileti. Na tsayar da komai, na ce gobe za mu koma igiya da aka shafa wa baƙin fenti. Yana danne wurin da auduga ya ce, "Malam, don Allah a bar ta. Igiya ba ta ƙara, kuma ba na jin tsoronta." Muka naɗe ƙawanyun da tsumman atamfa daga ciki, muka bar sauran a ƙarfensa. Daga ranar tafiyarsu ta sauya. Kowa ya koyi sauraren numfashin ɗan'uwansa kafin ya motsa. In ɗaya zai sha ruwa sai ɗayan ya sunkuya. In sun yi faɗa a cikin wasan, kuma suna yi sosai, ba mai iya juya baya ya tafi. Sai a lokacin na gane abin da na gani a hoton nan wata uku da suka wuce.

Tsakiyar wasan mun gina ta a kan yajin aikin Agusta 1946, lokacin da mahaƙa sama da dubu sittin, ƙarƙashin jagorancin J.B. Marks, suka ajiye aiki suna neman sule goma a rana. 'Yan sanda suka murƙushe shi cikin mako guda, aka kashe aƙalla mutum 9, aka raunata fiye da 1,200. Dogon yana ba da labarin a matsayin abin da ubansa ya gani, gajeren yana toshe masa baki don kada ɗan sandan bariki ya ji. Ƙarshen kuwa daga gobarar ramin Kinross muka ɗauko shi, ta ranar 16 ga Satumba, 1986, shekara bakwai bayan Egoli, inda mutum 177 suka mutu da hayaƙi mai guba. Da kamfanin ya fitar da sanarwa, fararen da suka mutu an ambaci sunayensu, baƙaƙen kuwa aka lissafa su da ƙabila: Basotho kaza, Xhosa kaza. A wasanmu gajeren ne ke tsaye yana karanta irin wannan lissafi da Barikanci, dogon yana kwance a ƙasa, nauyinsa na jan sarƙar har mai karatun ya durƙusa. Ɗalibar nan ta nace a ambaci Marikana a gabatarwa, inda 'yan sanda suka harbe mahaƙa 34 ranar 16 ga Agusta, 2012, shekara 18 bayan faɗuwar mulkin wariya. Na yarda, domin shekara ɗaya kacal ke nan da faruwarsa, kuma duk mun gani a talabijin.

Da la'asar muka yi wasan, saboda a lokacin ba mai son dare ya same shi a wata unguwa. Muka toshe tagogin zauren da barguna. Hasken da ke ciki duka tocilan nan biyu ne. Mutum kusan ɗari biyu, kuma lokacin hawa bulo ina jin kukan kujeru, mutane na gyara zama, ba wanda ya fita. Da aka buɗe tagogi an ɗan jima kafin a yi tafi.

Ina kwance wa yaran ƙawanya sai ga wani dattijo da sanda, jikansa na riƙe da hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, miƙo mini ƙarfen nan." Na ɗora masa a tafin hannu, ya auna nauyinta. Ya ce shekara goma sha tara ya yi yana ɗaukar ƙasar kuza a kwanon sarki a Bukuru, tun kafin a ba da mulkin kai. Ya ce su ba a sa musu sarƙa ba, kuma matarsa tana tare da shi a bariki, don haka na mutanen can ya fi nasu muni, amma maganar helma ɗin nan ita ce sak. Ya tambayi wanda ya fara yin wasan, yana raye? Na ce masa Manaka ya rasu a haɗarin mota a 1998, yana da shekara 42. Ya ce, "Allah Sarki, yaro ne."

Sai ya ce akwai mutum huɗu da gaɓar rami ta rufta wa a gabansa wata damina, ba a rubuta su a ko'ina ba, yana so in rubuta. Na juya bayan takardar wasan na ciro biro. Ya faɗi sunan kowanne da na ubansa da garinsu, a hankali, yana jira in gama ɗaya kafin ya kawo na gaba. Na huɗun ya manta garinsu, ya ce in bar wurin, zai tambayi wani abokinsa a Barikin Ladi ya aiko jikan da amsa.